Zuwa Ga Iyaye: Ƙyanƙyamin Da Ya Wuce Tsafta

Assalamu alaikum iyaye da masu riƙon yara, da fatan kuna lafiya.

Jarrabawa tana nan yadda aka sanar. Masu kawo yara a makare kuwa sun san kansu.

Dalilin wasiƙar nan shi ne batun da malamarmu mai ba da shawara ta tayar a taron da ya wuce, wanda da yawanku ba ku halarta ba. Muna da ɗalibai da ke ƙarar da lokacin tara a bakin famfo suna wanke hannu har fata ta tsattsage, ba sa iya taɓa ƙofa, ba sa zama kujerar da wani ya tashi. Wasunku sun ce tsafta ce, wasu sun ce iyayi ne.

Ƙyama halitta ce, ita ke hana mu cin ruɓaɓɓen abu, sai dai ba ta jin hujja. A 1986 masanin halayyar ɗan'adam Paul Rozin da abokan aikinsa a Amurka sun tsoma mataccen kyankyaso, wanda aka kashe ƙwayoyin cutar jikinsa, cikin abin sha, mutane suka ƙyamaci shansa duk da sanin ba zai cutar da su ba. Yaron da ke da irin wannan cutar waswasi, wato cutar da ke sa tunani ɗaya ya riƙa damun mutum har ya yi ta maimaita abu kamar wanke hannu, haka yake ji kullum. Wanke hannun yana kwantar masa da hankali na ɗan lokaci, sannan abin ya dawo da ƙarfinsa, ga shi ƙyama ta fi tsoro jinkirin gushewa. Wani lokacin ma kan mai ita take juyawa: yarinya ta ƙyamaci jikinta ta ƙaurace wa abinci, wanda aka ci zarafinsa ya riƙa ganin kansa ƙazami.

Saboda haka don Allah a daina duka da gori, a kuma daina ƙaro sabulu. Ku kai yaron wurin likitan ƙwaƙwalwa. Can ake saba masa da taɓa abin da yake ƙyama sannu a hankali yana jinkirta wankewa, wani a haɗa masa da magani. Kada ku tilasta masa a gida.

Malamar tana zama bayan an tashi domin ganawa da ku, ba a biyanta ko sisi a kai, Allah Ya saka mata. Duk ɗalibin da na sake ji ya kira ɗan'uwansa mahaukaci, da iyayensa zai zo ofishina.

Shugaban Makaranta