Wasiƙa daga Minneapolis

Assalamu alaikum aminina,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kana lafiya, da Hajiya da yara da mutanen shago. Mu ma nan lafiya lau, sai sanyi.

Makon nan kullum kana raina. Ka tuna zaman da nake yi a shagonka bayan la'asar, kana kwance kafiretar janareto, ni kuma ina riƙe maka ƙananan notina a tafin hannu kada su ɓace? To, zaman nan ya yi mini rana a Amurka.

A garin nan doka ce, mai gida ya share dusar ƙanƙarar da ke kan hanyar ƙafa ta ƙofar gidansa cikin awa 24 bayan ta daina sauka. In bai yi ba, hukuma na iya turowa a share, a aiko masa da takardar biyan kuɗi. Shekara da shekaru da shebur nake fama. A hunturun 2022 zuwa 2023 abin da ya zuba ya haura mita 2, har yau bayana bai koma daidai ba. Shi ya sa bana tun Oktoba na shiga neman injin kwashe ƙanƙara na hannu, don sabo ya fi ƙarfin aljihuna.

Na samu a wajen wani dattijo da zai tashi daga gidansa. Ƙirar Ariens ne, injinsa kuma Tecumseh, kamfanin da ya daina ƙera irinsu tun 2008, ka ga ba yaro ba ne. Dattijon bai ɓoye mini ba, ya ce shekara uku rabon da ya tashi. Dala 150 na ba shi. Tura shi ake yi kamar injin huɗa. Gabansa baki ne mai faɗi, a ciki murɗaɗɗen ƙarfe yana juyawa yana tattaro ƙanƙara, farfela ta karɓa ta cilla ta cikin bututu zuwa gefe.

Ina buɗe tanki na ji warin tsohon fenti, sai na tuna faɗarka cewa fetur ɗin da ya daɗe a kwance shi ke kashe inji. Na nan ma ya fi, don yawancinsa akwai sinadarin itanol kashi 10 cikin 100, yana jawo ruwa, ya daskare kamar ƙaro. Na juye shi, na sauke kafireta, na bi ƙofofin da siririyar waya yadda kake yi. Na sa sabon fulogi da bel, na zuba baƙin mai 5W-30 wanda ba ya kauri a sanyi. A ja na uku ya tashi. Wallahi sai da na ambaci sunanka.

Abu ɗaya ne ban sani ba sai da maƙwabcina ya nuna mini. Ƙusar da ke riƙe murɗaɗɗen ƙarfen nan da gangan aka yi ta maras ƙarfi, don in dutse ko daskararriyar jarida ta maƙale, ita ce za ta karye, giyar injin ta tsira. Wani ya taɓa cire ta ya ɗaura noti mai tauri, ni kuma har na yaba masa a zuciyata. Na mayar da ta ainihi, na sayi huɗu na ajiye. Ya kuma gargaɗe ni kada in kuskura in sa hannu a bututu in ya toshe, ko da an kashe inji, sai dai sanda. Farfelar kan zabura, ta cinye yatsun mutane da yawa.

Shekaranjiya ƙanƙara ta sauka sosai. Kafin in fita aiki na share ƙofata da ta wata tsohuwa da ke kusa da mu.

Sai dai ga inda nake neman shawararka: da na mayar da cok, wato abin da ke rage iska lokacin tayarwa, inji yakan riƙa hawa da sauka kamar mai haki. In sake wanke kafiretar ne, ko iska ce ke shiga ta gasket, abin nan da ke toshe mahaɗar kafireta da inji? Ka aiko mini da saƙon murya, zan sa maka ƙararsa ka ji.

A gaida Hajiya da kyau, a shafa mini kan yara.

Naka amini har kullum.