Bazarar Turai daban, tamu daban: a lura da lokacin renon irin kayan lambu

Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini domin in ja hankalin masu lambun gida a kan wani kuskure da nake gani yana maimaituwa, musamman tun da tsadar kayan miya ta sa magidanta da matan aure da yawa suka koma shuka tumatir da attaruhu a buhuna da tsofaffin bokitai a tsakar gida.

Da zarar watan Maris ya kama, sai Facebook da WhatsApp su cika da bidiyon Turawa suna zuba iri a ƙananan mazubai a bakin taga, a ƙasa kuma an rubuta da Hausa cewa farkon bazara ne lokacin fara renon iri. Kalmar bazara ɗin nan ita ce ta jawo rikicin. Abin da mutumin Ingila yake nufi shi ne lokacin da sanyinsu ya fara sassautawa, kuma dalilin da ya sa yake reno a cikin ɗaki shi ne a yankuna da yawa na ƙasarsu sanyin da ke daskarar da raɓa yana iya sauka har cikin watan Mayu, ya kashe tumatir a dare ɗaya. Don haka sai ya ƙirga mako 6 zuwa 8 kafin wucewar wannan haɗari, ya zuba irinsa a inda yake da ɗumi. Shi sanyi yake gudu, mu kuwa bazararmu ita ce lokacin da zafi ke kaiwa digiri 40 a Kano da Sakkwato da Maraɗi, ruwan rijiya ya ja baya, ko tulun ruwa ba ya sanyi.

Wani matashi maƙwabcina ya bi wannan shawara a bara. Ya sayi irin tumatir mai tsada, ya zuba a tsakiyar Maris, ya tsiro gwanin sha'awa, ya dasa a buhuna goma sha biyu a jikin katanga, yana ba su ruwa safe da yamma ba fashi. Ganye ya yi kore shar, fure ya fito, amma kullum da safe sai ya tarar da furen a zube a bakin buhu, bai ɗaura ko ɗa guda ba. Ya rantse jabun iri aka sayar masa, har ya yi shirin komawa wurin mai shagon. Da na kai shi wurin wani dattijo mai lambu a bakin rafi, bai ma bari ya gama bayani ba ya ce masa: “Ɗana, irinka ba shi da laifi. Tumatir ɗan sanyi ne, kai kuma ka kawo shi a tsakiyar wuta.” Abin da malaman gona suke faɗa ke nan da nasu harshen, cewa idan zafin rana ya kai wajen digiri 35 kuma dare bai yi sanyi ba, furen tumatir ba ya kamawa, sai dai ya bushe ya faɗi.

Wanda yake son sanin lokacin gaskiya ya dubi manoman Kadawa da Kura da Garun Malam a Jihar Kano, waɗanda suke noman rani da ruwan madatsar Tiga. Suna zuba iri ne a ƙarshen damina, daga Satumba zuwa Oktoba, su yi dashe sa'ad da hunturu ke shirin shigowa, shi ya sa daga Janairu zuwa Maris kasuwar Kwanar Gafan take cika da kwanduna, farashi ya faɗi. Haka masu albasa na Aliero a Jihar Kebbi da na Galmi a Nijar suke jiran sanyi. Salak da kabeji da karas ma duk 'yan sanyi ne, sai dai shi karas ba a dasa shi, a inda aka zuba shi a nan zai zauna.

Shi kansa renon ba wani abin wahala ba ne, amma yana son kula. Ni dai ina haɗa ƙasa mai laushi da yashi da takin gida wanda ya ruɓe sosai, in tankaɗe da tsohuwar rariya, domin ɗanyen kashin kaji yana ƙone tsiro tun bai ga rana ba. Kowane mazubi, ko robar fenti ce ko fasasshen baho, sai an huda gindinsa ruwa ya riƙa tsiyayewa. Ina ja layi da ɗan tsinke, zurfin bai wuce santimita 1 ba, in jera irin da tazara, in rufe da ƙasa kaɗan, in shimfiɗa busasshiyar ciyawa a kai. Tumatir yakan leƙo cikin mako guda, attaruhu da tattasai kuwa sukan kai mako biyu, kuma a nan ne masu gajen haƙuri suke tone ƙasa su ce iri ya mutu. Ranar da tsiro ya fito a ranar ake ɗage ciyawar, in ba haka ba sai ya yi tsawo siriri kamar zare, ya kwanta. Abin da ya fi kashe ƙananan tsirrai a hannun sababbin masu lambu shi ne yawan ruwa da cunkoso, inda za ka ga gindin tsiron ya yi baƙi ya tsuke a daidai saman ƙasa, washegari layi guda ya zube. Sauran ɓarnar kuma ta kaji ce da ƙadangaru, maganinsu tsohon gidan sauro.

Tumatir yana isa dashe bayan mako 3 zuwa 4, attaruhu da albasa kuma sai sun kai wajen mako 6. Kwanaki kaɗan kafin dashen a rage ruwa, a janye rumfar da ke yi wa tsirran inuwa a hankali domin su saba da rana, sannan a yi dashen da la'asar sakaliya, a ɗauko kowane tsiro da ƙasar jijiyarsa. Af, akwai kuma masu matse tumatir ɗin kasuwa su shanya 'ya'yan a matsayin iri. Idan na gargajiya ne babu laifi, amma idan irin haɗi ne mai alamar F1 a jikin leda, abin da zai fito ba lalle ya yi kama da uwarsa ba.

Ba ina cewa a naɗe hannu da bazara ba ne. Wanda yake da ruwa zai iya shuka alayyafo da kuɓewa da yakuwa da rama, domin su zafi bai dame su ba, kuma daga ƙarshen Afrilu ana iya fara renon barkono da attaruhu a ƙarƙashin rumfar zana, a dasa su idan ruwa ya zauna a watan Yuni.

Roƙona gare ka, Edita, shi ne jaridarmu ta nemi masana daga Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru a Zariya, ko reshen cibiyar binciken kayan lambu da ke Bagauda, su tsara mana jadawalin renon iri da dashe da sunayen watanni, ba da sunan bazara ko kaka kawai ba, a buga shi a watan Agusta, sa'ad da mai lambun gida yake da sauran lokacin tanadar iri da taki. Maƙwabcin nawa ya riga ya wanke buhunansa ya jingine, yana jiran Satumba.

Naka,
Wani malamin makaranta mai ritaya, Kano