Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Baba Alhaji: Makullin Injinka Yana Cikin Jakata

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Baba Alhaji, ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan kana lafiya tare da iyali, na rubuto ne domin in sauke bashin amsar da kake bina tun ranar taron masu injinan casar shinkafa na yankinmu. A ranar ka miƙe a gaban jama'a, ka ɗaga takardar nan ta tambayoyi kan tsaron intanet, mai shafi huɗu, da kamfanin da ke sayen shinkafarku ya aiko, ka ce: "Injiniya, mu da muke ƙauye, injinmu ƙarfe ne da bel da giris, me ɓarawon intanet zai zo ya ɗauka a wurinmu? Wannan takardar tsaron ba wata hanya ba ce ta tatsar kuɗinmu?" Kafin in buɗe baki aka kira La'asar, taro ya watse. Tun da a bainar jama'a ka yi tambayar, kuma na ga mutanen Kura da na Bunkure da na Garun Malam suna gyaɗa kai, ya dace amsar ma ta fito fili.

Injin da ka fara kafawa, wanda ka tsayar da ni a gabansa ina yaro ina share ɓuntu, shi kam ƙarfe ne zalla, kuma wanda zai cuce shi sai ya haura katanga da dare. Amma na yanzu ba haka yake ba, ni ne shaida, domin da hannuna na haɗa shi. Injin tsincen da ke fitar da baƙar ƙwaya da tsakuwa yana da idanun kyamara da kwamfuta a cikinsa, ita ce ke yanke hukuncin ƙwayar da iska za ta hure. Babban sikelin da ke auna tirela a bakin ƙofa yana aika nauyi zuwa kwamfutar akawu, can ne ake rubuta sunan manomi da buhunansa da abin da yake binka. Tukunyar tururin da ake gumi da ita tana bin umarnin wani ƙaramin akwati da muke kira PLC. Bayan wannan akwati kuwa, in ka buɗe murfin allon wuta ka duba ƙasa ta hannun hagu, za ka ga wata 'yar na'ura mai eriya biyu da fitila tana ƙyaftawa. Akwai layin waya a cikinta. Ni na sa shi, domin masu ƙera injin su riƙa shigowa daga Sin suna gyara ba tare da ka biya musu kuɗin jirgi ba. Ƙofar da suke bi ƙofa ce, kuma ba ta tambayar mai shigowa daga ina yake.

Ka ce wa ya san da mu. Gaskiya ne babu wani mai kutse da ya zauna yana tunanin Kadawa, amma ba sai ya san ka ba. Suna sakin manhaja ne tana bin adireshin na'urori ɗaya bayan ɗaya, dare da rana, kamar mai bin layin shaguna yana taɓa kowane kwaɗo ya ji wanda ba a datse ba. A watan Nuwamba na 2023 an shiga na'urar sarrafa famfon ruwa ta wani ƙaramin gari a jihar Pensilbaniya ta Amurka, har ma'aikata suka koma juya abubuwa da hannu. Su masu kutsen, na'urorin kamfanin Unitronics suke farauta duk inda suke a duniya, garin bai dame su ba, kuma lambar sirrin da irin waɗannan na'urori ke fitowa da ita daga masana'anta ita ce 1111. Baba, ban ji daɗin faɗa ba, amma a cikin injinan da na leƙa tsakanin Kura da Haɗeja na sha tarar da allon da ke buɗewa da 1234, ko wanda aka rubuta lambarsa da alli a jikin ƙofa domin kada yaron dare ya manta.

Yanzu bari in zo kan abin da ya fi damuna, wanda shi ne ainihin dalilin wannan wasiƙa. Hausawa sun ce da ɗan gari akan ci gari, kuma a wannan harka ɗan garin mu ne, kamfanonin injiniyoyi masu kafa injina da gyaransu. Kai injinka ɗaya ne. Ni kuwa a cikin kwamfutar da nake ratayawa a kafaɗa akwai hanyar shiga injinan mutane da dama, da zanen wayoyinsu, da lambobin sirrinsu, kuma da ita nake buɗe saƙonni, da ita nake karɓar fayil daga duk wanda ya turo. Wanda ya sami kwamfutata ya sami ƙofofinku duka a lokaci ɗaya. Haka ta faru da manyan kantunan Target na Amurka a 2013: ba ta gaba aka shige su ba, an sace bayanan shiga na wani ɗan kwangilar da ke kula musu da na'urorin sanyaya wuri, aka bi ta nan aka kwashe bayanan katin kuɗi kusan miliyan 40.

Ban tsaya a labarin nesa ba, domin abin ya taɓa faruwa ta hannuna. Wata kaka, lokacin da motocin samfarera suka yi layi har bakin titi, aka kira ni wani inji a Jigawa saboda sikeli ya ƙi buga rasit. Na ɗauki filashin da na yi amfani da shi a shagon buga takardu da safe, na soka a kwamfutar akawu, na gyara abin, na karɓi kuɗin mota na tafi. Kwana biyu bayan haka akawun ya kira ni muryarsa na rawa. Da na isa, na tarar da duk fayilolin sun canza suna, babu wanda ke buɗuwa, ga wani rubutu da Turanci a kan allo yana neman kuɗin fansa. Injin casa lafiyarsa lau, bel na juyawa, amma babu wanda ya san buhu nawa aka karɓa daga wa. Ina tuna wani dattijo da ya zo daga wajen Auyo, ya zauna a kan tabarma a inuwar sito tun hantsi, yana riƙe da guntun rasit ɗin da gumi ya goge rabin lambobinsa, yana cewa shi dai buhu talatin da biyu ya kawo. Babu mai ƙaryata shi, babu kuma mai iya gaskata shi. Kwana tara aka yi ana tattaro lissafi daga bakin direbobi da 'yan dako, kuma har yau akwai manoman da ba su sake kai wa wannan inji kayansu ba. Na je na faɗa wa mai wurin cewa ina kyautata zaton ta filashina cutar ta shiga. Ya yafe mini, Allah ya saka masa da alheri, amma nauyin bai bar zuciyata ba.

Ka lura, ranka ya daɗe, ba a taɓa ƙarfen ba aka tsayar da aikin. Irin wannan ne ya sami kamfanin bututun mai na Colonial Pipeline a watan Mayu na 2021, inda aka shiga da lambar sirri guda ta wani tsohon asusun shiga kwamfuta da aka daina amfani da shi amma ba a rufe ba, aka yi garkuwa da kwamfutocin ofis, kamfanin ya rufe bututun na kwanaki, ya kuma biya fansar dala miliyan 4.4. A wannan watan ne kuma aka kai wa kamfanin nama na JBS irin wannan hari, shi ma ya biya dala miliyan 11, don kada wani ya ce masu sarrafa abinci ba sa cikin lissafi. Wanda na fi so ka riƙe shi ne na Norsk Hydro, masu sarrafa alminiyom a Norwe. Da aka kulle musu kwamfutoci a watan Maris na 2019 sun ƙi biyan ko sisi, suka koma aiki da takarda da biro, har tsofaffin ma'aikatan da suka yi ritaya suka dawo domin su ne suka san yadda ake tafiyar da aiki da hannu. Saboda haka kada ka bari kowa ya raina tsohon littafin akawunka mai bangon kwali. Ni kaina na taɓa ce maka ka ajiye shi, yau ina janye wannan magana.

Akwai kuma abin da ya wuce asarar kuɗi. Tukunyar tururi ba abin wasa ba ce, kuma a 2017 an gano wata manhaja da ake kira Triton a wata masana'antar sinadaran mai a Saudiyya, wadda aka ƙera musamman domin ta lalata na'urar da ke kashe inji idan haɗari ya taso. Ban ce irin waɗannan mutane za su zo Kura ba. Abin da nake cewa shi ne bawul ɗin ƙarfe mai sakin tururi da kansa idan matsi ya yi yawa ya zauna a wurinsa, a riƙa gwada shi, kada a ɗora ran yaran da ke tsaye gaban tukunya a kan kwamfuta kaɗai.

Sai batun takardar. A nan kana da gaskiya a rabin maganarka, kuma ba zan ɓoye ba. Akwai masu yawo da jaka suna tsoratar da masu ƙananan masana'antu, suna cewa sai an biya su miliyoyi sun samo shaidar tsaron bayanai ta ISO 27001, alhali inji irin naka bai kai ga buƙatarta ba, kuma takardar da aka aiko maka ba ta nemi haka ba, na karanta ta. Wasu kuma su karɓi kuɗi su cika maka "e" a kowane layi ba tare da sun taka ƙofar injin ba. Wannan shi ne tatsar da kake tsoro, kuma ta fi rashin takardar muni, domin ranar da abu ya faru sa hannunka ne a ƙasa, ba nasu ba.

Amma tambayoyin da ke ciki ba ƙirƙirar kamfanin ba ce. Dokar laifukan intanet ta Najeriya ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024, ta wajabta wa duk mai tafiyar da kwamfuta ko hanyar sadarwa, na gwamnati ko mai zaman kansa, ya kai rahoton kutse ga cibiyar tunkarar kutsen intanet ta ngCERT da ke ƙarƙashin ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro, kuma gyaran ya rage wa'adin daga kwana 7 zuwa awa 72. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ita ma ta ba da awa 72 a sanar da hukumar kare bayanai ta NDPC idan bayanan mutane suka fita ta hanyar da za ta iya cutar da su, kuma tarar ƙananan masu riƙe bayanai tana iya kaiwa naira miliyan 2 ko kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigar shekara, duk wanda ya fi yawa. Kwamfutar akawunka tana ɗauke da sunayen manoma da lambobin wayarsu da na asusunsu, wasu har da lambar katin ɗan ƙasa. Wanda ya samu wannan jerin zai iya kiran tsoho a gona ya ce daga wurin Alhaji ne, a karanto masa lambar da ta shigo waya. Sunanka zai yi amfani da shi, domin sunanka ne manomi ya yarda da shi. Tun kafin doka ta zo, mu amana muke kiran wannan.

Don haka roƙona shi ne ka juya takardar nan ka ɗora ta a kaina da sauran masu sana'ata. Duk injiniyan da ya kafa maka inji, ka tambaye shi mutum nawa ne ke iya shiga daga nesa, ka ce ya rubuta maka sunayensu, kuma idan yaronsa ya bar aiki ya zo ya canza lambobin a ranar. Ka ce na'urar nan mai eriya ta zauna a kashe, sai ranar gyara a kunna ta a gaban idon mutuminka, a gama a kashe. Akwai ƙa'idar duniya ta tsaron na'urorin masana'antu mai suna IEC 62443, kuma babban abin da take koyarwa shi ne a raba gida ɗaki-ɗaki, kada layin da yara ke kallon bidiyo da shi a ofis ya haɗu da na inji. Kwamfutar sikelinka manhajar Windows 7 ce ke kanta, wadda Microsoft ta daina toshe wa ɓaraka tun Janairun 2020, don haka ko a sauya ta ko a yanke ta daga intanet gaba ɗaya. A riƙa kwafe lissafi duk yamma a ma'ajin da za a cire a kulle a wani ɗaki daban. Sannan duk saƙon da ya zo yana cewa mai sayar maka da kayan gyara ya canza lambar asusu, ko da tambarinsa ne a sama, kada a tura ko kwabo sai an kira tsohuwar lambar da aka saba an ji muryarsa. A cikin duk abin da na lissafa, sauya kwamfutar ne kaɗai zai ci kuɗi mai kauri.

Ni ma na gyara nawa ɓangaren. Yanzu kwamfutar aikin inji daban take da ta saƙonni, kuma filashin da ya shiga shago ba ya sake shiga masana'anta.

In Allah ya kai mu Asabar zan zo da hantsi. Ina roƙon ka sa akawu ya kasance a wurin da littafinsa, da ɗanka mai kula da kwamfuta, da shugaban masu aikin dare. Za mu canza lambobin sirrin injinan a gabanka, in rubuta su in sa a ambulan in miƙa maka, domin kai ne mai inji kuma bai kamata a ce ni kaɗai na san su ba. Daga nan mu zauna mu cika takardar layi-layi. Inda aka tambaya ko kuna da ajiyar lissafi a wani wuri daban, "a'a" za mu rubuta, mu sa ranar da za mu fara a gefensa.

Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana, ya sa albarka a kakar bana.

Wassalam.

Ɗanka,
Injiniyan da ya haɗa maka injin tsince,
daga ƙasar Kura.