Ba labarin bindiga ba ne, labarin Aisha ne

Assalamu alaikum Malam Edita,

Shirinku na fina-finai na daren Asabar ya ɓata min rai matuƙa. Mai gabatarwa ya ambaci The Milkmaid, ya kira shi "fim ɗin 'yan ta'adda", ya ce Najeriya ta miƙa shi gasar Oscar ta 2021, shi ke nan sai ya tsallaka gulmar auren jarumai. Haba! Anya ya ma kalle shi kuwa?

Labarin Aisha ne, 'yar Fulani mai tallar nono. Mahara suka far wa ƙauyensu, suka tafi da 'yar'uwarta Zainab, ita kuwa ta ƙi zama, ta bi sawu. Ko da ta iske ta, Zainab ta riga ta zama tasu, har zuciya. Wannan shi ne ciwon fim ɗin, ba harbe-harbe ba. Da Hausa aka yi shi, a jihar Taraba, kuma Maryam Booth da ta fito a Zainab ta ci kyautar AMAA, wato gasar fina-finan Afirka, a 2020. Daraktan, Desmond Ovbiagele, ya ce hoton matan nan masu ƙwaryar nono na jikin naira goma ne ya sa shi tunanin labarin. Ko ɗaya daga cikin waɗannan ba mu ji a bakin mutuminku ba.

Mu da muka baro Mubi da ƙafa a 2014 mun san Aisha. 'Yar yayata ba ta kai sha biyar ba lokacin, ita ta goya ƙaninta a daji har muka kai Yola. Yarinyar da ba ta rabo da waƙar gaɗa, ta wayi gari ita ce uwa, ita ce uba. An yi ta hira da gwamnoni da sojoji a tasharku, ban taɓa jin an tambayi irinta yadda ta girma ba. Yau wani ya yi fim a kansu, ku kuma kuka sallame shi da jimla biyu. Wallahi da auren wata jaruma ne ya mutu, rabin awa za ku ba shi.

Sannan don Allah tallar maganin basir ɗin nan da kuke sakowa ana tsakiyar labaran rasuwa, ku duba lamarin. Kuma layin wayar da kuke cewa a kira, kullum a kashe yake.

Mai sauraronku,
daga Jimeta, Yola