Barka da Sallah daga Ingila

Assalamu alaikum Inna, Baba da duk mutanen gida, barkanmu da sallah, Allah shi maimaita muna. Ina fata an yi layya lahiya kuma kuɗin rago sun iso hannun Yaya kan lokaci. Mu nan ana saukowa idi kowa ya kama hanyar aiki, ba suya ba yawon sallah, wallahi kewar gida ta dame ni yau.

Auta, kin tambaye ni mi nake yi da dare wurin gadi don kar barci shi ɗauke ni. Karatu nake, littattafan wata mata 'yar nan ƙasar, Agata Kiristi, masu labarin wani mai binciken kisan kai ɗan Beljiyam, Puwaro, ɗan gajeren tsoho mai gashin baki da tsabar tsabta. Na farkon ya fito tun 1920, na ƙarshen 1975, guda 33 ne, a laburaren unguwa nake aro kyauta. Matar ta yi aiki ɗakin haɗa magani lokacin yaƙin duniya na ɗaya, shi ya sa in ta zo maganar guba sai ka rantse likita ce.

Wanda ya fi kama ni shi ne na 1934, jirgin ƙasa ya taso daga Istanbul, irin jirgin da Baba ke ba mu labari yana zuwa Kaura, sai ƙanƙara ta tare hanya cikin dare, da safe aka iske wani mutum a ɗakinshi an soke shi sau 12, agogon aljihunshi ya tsaya ɗaya da kwata, ga hankici a ƙasa mai harafi ɗaya, kuma ba wanda ya fita jirgin don ba sawu bisa ƙanƙarar. Tsohon nan bai da bindiga bai dukan kowa, zama yake ya kira fasinjoji ɗaya bayan ɗaya ya yi ta tambaya har ƙarya ta ci karo da 'yar uwarta.

Baba, abin da ke taɓa min zuciya shi ne mutum guda aka kashe, wani lokacin ma mugu ne, amma sai an bi ta kan shi har an san wa ya yi kuma don mi. Mu kuwa sai a tare hanya ko a faɗa ƙauye a kashe bayin Allah, a yi jana'iza a yi zaman makoki shi ke nan, ba mai zuwa ya tambayi matar mamaci mi ta gani. Sau da yawa nakan rufe littafin in kasa ci gaba.

Don Allah Yaya kar a yi tafiyar Gusau da yamma wai don ziyarar sallah, a bari sai da hantsi. Auta zan aiko miki guda biyu in an samu mai zuwa, turancin ba wuya. A gaishe min da Gwaggo da jiki, Inna a sa ni a addu'a.