Wasiƙa daga Tawa zuwa ga Dogo a Abijan

Dogo, salamu alaikum. Ina gajiya, ina iyali? Na san kana cewa na yada kai. Ba haka ba ne, albasa ce ta kai ni Kwatano, kuma da tambaya nake tafe, amma bari in fara zazzage maka labari.

Gada tana rufe, da kwale-kwale muka haye daga Gaya zuwa Malanbil. Kaya sun shiga, kuɗi sun ƙi fitowa, dillali kullum sai gobe. Da maimasaukinmu na Zongo ya ga zaman ya ishe mu, ya ce mu haɗa jika bibbiyu a sha mai, ya zaga da mu.

Da sassafe muka yi Porto-Novo. Ashe nan ne babban birnin ƙasar Benin, majalisa ma can take zama. Muka shiga fadar Sarki Toffa, wanda ya rasu a 1908. Ni ina jiran dogarai da algaita da dawakai, sai na tarar da tsakar gida bayan tsakar gida, tsofaffin hotuna da kayan kiɗa, babu mai cewa ranka ya daɗe. Sun mai da ita gidan tarihi. Masallacin Juma'arsu ya fi burge ni, fenti kala-kala, ginin 'yan asalin bayin da suka komo daga Barazil. Malam Ƙarami, abokin tafiyarmu, ya rantse coci ne, har sai da ya ga mutane suna alwala.

Bayan azahar muka juya Wida. Akwai ɗakin da suke bauta wa mesa, dab da babbar coci. Mai gadi ya rataya wa Malam ɗaya a wuya. Mutumin da ke cika mana baki da laƙanin maciji! Hularsa ma sai wani yaro ya biyo mu da ita. Kai da ka taɓa barin takalmi saboda ƙadangare, kada ka yi dariya.

Daga nan dariya ta ƙare. Hanyar da ake kora bayi zuwa bakin teku ta kai kilomita 4. Mai yi mana bayani ya nuna inda wata itaciya take da, ya ce namiji sai ya kewaya ta sau 9, mace sau 7, wai don su manta garinsu. A ƙarshen hanya ga ƙatuwar ƙofa da aka gina a 1995, bayanta ba komai sai ruwa. Dogo, ruwan nan ba ya da wancan ƙetare. Igiya ɗaya ta taso ta janye yashi daga ƙarƙashin ƙafata, na ja baya ba shiri. Auta ne ya faɗo mini a rai. Har yanzu maganar Agadas da Libiya yake, ya sayar da kabu-kabunsa, Inna ba ta sani ba. Maganarka yake ji, ba tawa ba. Don Allah ka kira shi kafin sallah, ko ka samar masa wani abu nan wajenku, ko turin baro ne.

Af, mai shayin bakin tasha ya ƙara aure, kuma ba wadda muke zato ba ce, ƙanwarta ce. Teburinka na nan, bashinka ma na nan, ya ce in tuna maka.

Gai da maiɗakinka da yara. Ka aiko sabuwar lambar salularka.

Naka,
Taubashinka