Sanƙarau da allurarmu ba ta tsarewa

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Mu a Sakkwato idan aka ce sanƙarau, sai mu tuna lokacin zafi da layin allura. To akwai wani irinsa da wannan allura ba ta taɓa shi. Ƙwayar fangas ce (dangin fumfuna) mai suna Kiriftokokas ke kawo shi, ana shaƙarta a ƙura, musamman inda kashin tattabara ya bushe. Na yi jinyar wani ƙanina mai cutar ƙanjamau da wannan ƙwaya ta kama shi: ciwon kai na makonni, wuya ya sandare, ko hasken taga ba ya iya kallo.

A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa wannan ƙwaya a sahun gaba cikin fangas 19 mafiya haɗari, amma har yau babu rigakafin fangas ko ɗaya da aka amince a yi wa ɗan Adam. A Jami'ar Arizona ta Amurka wajen neman rigakafi an cire wa ƙwayar wata cutar fangas daban, mai suna zazzaɓin kwari (Valley fever), wani sinadarin gado, ta raunana, aka gwada ta a karnuka kuma ta ba su kariya. Abin da ke damuna, ƙwaya mai rai, ko da raunanniya ce, anya jikin irin ƙanina zai ɗauke ta? Don Allah jaridarku ta tambayo mana likitoci.

Mai karatunku,
daga Mabera, Sakkwato